Kufan Cikin Waya da Kufan Ƙarƙashin Ruwa: Nasiha ga Matasan Ƙasar Yauri

Ya ku ƙannena da 'ya'yana na ƙasar Yauri, daga Yelwa zuwa Ngaski da Wara, daga Shanga zuwa ƙauyukan bakin ruwa. Maganata ta yau a kan gem ce, wato wasan kwamfuta. Na san wasunku da jin haka za su taɓe baki su ce ga wani babba ya zo da faɗan da aka saba: a ajiye waya, a ɗauki littafi. Ba shi ya kawo ni ba, domin mai hana yaro wasa bai san yaro ba. Abin da ya kawo ni wani nau'in wasan kwamfuta ne da ya samu shiga a wurinku, da kuma zancen da ke bin bayansa, wai tsohon faifan gem dukiya ne, wanda ya ɓoye shi zai wayi gari mai kuɗi. Ina so mu baje maganar nan a faifai, domin darasin da ke cikinta ya shafe ku fiye da yadda ya shafi yaron Legas ko na Landan.

Wasannin kufai

Wasannin da nake nufi su ne waɗanda ake nuna duniya bayan wata babbar masifa ta share ta, yaƙi ne ko annoba ko ambaliya. Ba tashin alƙiyama ake nufi ba, wannan saninsa na wurin Allah. Ƙirƙira ce ta masu shirya wasa: a ce birane sun zama kufai, mutane sun ƙare sai tsiraru, kai kuma an sake ka ka yi yawo cikin kangaye kana tsintar abin da zai raya ka.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Fallout, wanda kamfanin Interplay na Amurka ya fitar a 1997. A labarinsa, an gwabza yaƙin nukiliya a shekarar 2077, wasu mutane suka tsira a cikin maɓoyar ƙarƙashin ƙasa. Bayan shekaru 84 na'urar tace ruwansu ta lalace, suka tura mutum ɗaya ya fita nemo wata. A duniyar da ya tarar, takardar kuɗi ta tashi daga aiki, marfin kwalbar lemo shi ne kuɗi. Kada wannan ya ba ku dariya, domin kakanninmu da wuri suka yi ciniki ɗaruruwan shekaru, kuma wurin nan daga teku mai nisa ake kawo shi. Kuɗi yarda ce tsakanin mutane. Ranar da yardar ta janye, sai ya koma abin wasan yara.

Akwai kuma S.T.A.L.K.E.R., wanda wani kamfanin ƙasar Yukren mai suna GSC Game World ya fitar a 2007. Shi wannan a kan kufai na gaske aka gina shi. Ranar 26 ga Afrilu 1986 tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe, washegari aka kwashe mutanen garin Pripyat, kusan mutum 49,000, aka ce musu su ɗauki abin da zai ishe su 'yan kwanaki. Har yau ba su koma ba. Masu shirya wasan sun shiga yankin da ƙafarsu sun ɗauki hotuna, shi ya sa gine-ginen da ake gani a ciki suke kama da na ainihi.

Na ukun shi ne wanda nake so ku riƙe. Sunansa Submerged, wani ƙaramin kamfanin ƙasar Ostareliya, Uppercut Games, ya fitar da shi a 2015. Babu harbi a cikinsa, babu kisa. Wata yarinya ce ta shigo da ƙanenta mai rauni a cikin ƙaramin jirgin ruwa, zuwa wani birni da ruwa ya cinye, sai kawunan dogayen gine-gine ake gani. Aikinta ta tuƙa jirgi daga wannan gini zuwa wancan, ta hau, ta nemo abin da za ta yi jinyar ɗan'uwanta da shi. A hanya tana tsintar zane-zanen da ke ba da labarin yadda garin ya nutse.

To, ku tambayi kanku, me ke zaunar da mutum awa da awanni a gaban irin wannan wasa? Duk wanda ya buga ya san ba harbin ne kaɗai ba. Abin da ke kama zuciya shi ne ka shiga ɗakin da babu kowa, ka tarar da wasiƙar da ba ta isa hannun mai ita ba, ko muryar da wani ya naɗa kafin ya rasu, ka zauna kana harhaɗa labarin mutanen da ba ka taɓa gani ba. Wannan sha'awa abu ne mai kyau. Ita ce ke sa malamin tarihi ya kwana a kan tsohuwar takarda. Ba na so ku kashe ta. So nake ku san inda za ku kai ta.

Maganar farashi

Yanzu mu zo kan kuɗi, tunda nan ne kunnuwa suka fi miƙewa. Gaskiya ne an sayar da tsofaffin wasanni da tsada mai ban mamaki. A watan Yuli 2021, wani gidan gwanjo na Amurka, Heritage Auctions, ya sayar da kaset ɗaya na The Legend of Zelda a kan dala 870,000. Bayan kwana biyu ya sayar da Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56. A watan Agusta na shekarar aka sanar da cinikin Super Mario Bros. a kan dala miliyan 2. Waɗannan alƙaluma su ne ake yaɗawa a Facebook da TikTok, sai yaro ya dubi tsohon faifan da ke ƙarƙashin katifarsa ya soma lissafin babur.

Abin da ba a cika faɗa muku ba shi ne wannan. Super Mario 64 ba abu ne mai wuyar samu ba, an sayar da fiye da kwafi miliyan 11 tun fitowarsa a 1996, kuma kaset ɗin da aka riga aka buga da shi 'yan daloli ne a kasuwar 'yan gwanjo. Wanda ya kai miliyan ɗin nan ba a taɓa ɓare ledarsa ba tsawon shekara 25, kwalinsa ko lanƙwasa bai yi ba, sannan wani kamfanin tantancewa mai suna Wata Games ya ba shi maki 9.8 cikin 10 ya rufe shi a akwatin roba. Wato an biya kuɗin ne saboda ba a taɓa wasa da wasan ba. Bayan haka ƙura ta tashi, aka yi ta zargin cewa masu tantancewa da masu gwanjo da wasu manyan masu saye suna da hannu a kasuwancin juna, har aka shigar da ƙara a kotun Amurka a 2022. Kamfanonin sun musanta zargin. Amma farashin ya faɗo warwas a shekarun da suka biyo, waɗanda suka saya a ganiyar zazzaɓin suka tashi da asara.

Ku da kuka tashi a ƙasar albasa ba sai an yi muku dogon bayani ba. Kun ga shekarar da buhu ya yi tsada kowa ya ruga ya shuka, kun kuma ga shekarar da ta biyo, aka jibge ta a kasuwa tana ruɓewa, dillali ya riga ya karɓi la'adarsa ya tafi. Haka kasuwar tsofaffin wasanni take, sai dai ita albasa ko ta faɗi ana miya da ita.

Su ma kamfanonin sun gane cewa mutane na son abin ajiya, sai suka mayar da shi hanyar ciniki. Sukan fitar da wasa a kwali na musamman, su sa masa 'yar tsana ko hula ko jaka, su ninka kuɗinsa, su ce na masu tarawa ne. A 2018 an sayar da irin wannan kwali na Fallout 76 a kan dala 200, da alƙawarin jakar yadi mai kauri a ciki. Da masu saye suka buɗe sai suka ga jakar nailan, aka yi ta hayaniya har sai da kamfanin ya yarda zai musanya. Ku riƙe wannan ƙa'ida: abin da aka ƙera dubbai don a ajiye, kowa ya ajiye nasa, da wuya ya yi ƙaranci.

Sannan ku dubi abin da ke hannunku da idon basira. Mafi yawan faya-fayan gem da suka yi yawo a kasuwanninmu kwafi ne na satar fasaha, ba na kamfani ba. Wasannin da ake loda muku a kan na'ura a shagon gem ba su da kwali, ba su da takarda, babu abin da mai tarawa zai saya. Wanda ma yake na asali, zafinmu da ƙurar hunturu da laimar bakin ruwa ba sa barin kwali ya shekara goma lafiya, ga gara. Wanda kuwa kuka saya ta intanet, izinin bugawa kuka saya, ba wasan ba. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft ya rufe na'urorin da ke ɗauke da wasan tseren mota The Crew, daga ranar ko mai faifan asali ba ya iya buga shi. Don haka duk wanda ya zo ya ce ka kawo kuɗin makarantarka ko jarin kifin mahaifiyarka a sayi gem a ajiye, ka gaishe shi ka wuce. Ɗan'uwan masu yawo gida-gida ne suna neman tsohon keken ɗinki da dutsen guga mai zakara, suna rantsuwa akwai wani sinadari a ciki da Turawa ke saye da miliyoyi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da ke ba kaya daraja

Duk da haka akwai gaskiya guda a cikin harkar masu tarawa, kuma ita ce zuciyar nasihata. Bari in ba ku labari biyu.

A 1983 kasuwar wasannin bidiyo ta karye a Amurka. Kamfanin Atari ya kwashi kaset dubu ɗaruruwa da suka yi kwantai ya binne su a bolar wani gari mai suna Alamogordo, a jihar New Mexico. Shekara 30 ana gardama ko abin ya faru ko tatsuniya ce. A watan Afrilu 2014 aka haƙa wurin a gaban jama'a da masu ɗaukar hoto, aka fito da kaset kusan 1,300, duk sun murƙushe sun yi datti. Hukumar garin ta sa wa kowanne lamba da takardar shaida, ta yi gwanjonsu, ta tara fiye da dala 100,000. Guda ɗaya na wasan E.T. ya kai dala 1,535, alhali mai tsabta irinsa wanda bai taɓa shiga bola ba kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Me aka saya ke nan? Labari aka saya, tare da shaidar da ke tabbatar da shi.

Labari na biyu a ƙofar gidanku ya faru. A farkon 1806 Baturen nan Mungo Park ya biyo Neja a jirgi ya ratsa ƙasar Yauri. A nan jagoransa kuma tafintansa, Amadi Fatuma, ya sauka, domin a nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Park ya ci gaba, ya halaka a duwatsun ruwan Busa tare da sauran mutanensa. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo har Birnin Yauri suka yi makonni a wurin Sarki. Babban abin da suke nema a can shi ne kundin da Park yake rubuta labarin tafiyarsa. Ba su same shi ba, kuma har yau ba wanda ya same shi. A Busa dai an nuna musu wani littafinsa na jadawalin lissafi, irin wanda matuƙan jirgin ruwa ke amfani da shi. Littafi ne da aka buga da yawa, babu wani sirri a cikinsa. Amma saboda an san hannun da ya riƙe shi da ruwan da aka tsamo shi, daga baya ya kai Landan, yana cikin kayan da ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Royal Geographical Society ke adanawa. Ku kuma lura da wannan: mafi yawan abin da duniya ta sani game da ƙarshen Park daga bakin Amadi Fatuma ya fito, wanda aka nemo bayan shekaru aka tambaye shi, aka rubuta. Takarda ta nutse, baki ne ya tsira da labarin.

Ashe abin da ke ba tsohon kaya daraja ta dindindin ba leda ba ce, ba makin kamfani ba ne. Sanin asalinsa ne: na wane ne, daga ina ya fito, me ya gani, wa ya shaida. Kaya ba labari tarkace ne. In kuwa haka ne, to ku kuna zaune a kan abin da babu wani yaro a Tokyo ko New York da zai iya samu ko nawa zai biya.

Kufan da kuke ratsawa a jirgi

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 136. Kafin ya cika, an tashi mutum kusan 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200 a ƙasashen Yauri da Borgu da maƙwabtansu. Ku kwatanta da mutum 49,000 na Pripyat, za ku ga tazarar ba ta da yawa. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina Sabuwar Busa. Duwatsun da suka ci jirgin Park suna ƙarƙashin ruwa. Gungu da yawa da Gungawa suka zauna a kai kaka da kakanni, suna noman albasa da kamun kifi, sun tafi tare da rumbuna da makabartu da wuraren al'ada. Aka mayar da mutane tudu, cikin gidajen siminti masu lanƙwasasshen rufi da wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson, ya tsara. Da yawa ba su ji daɗin zama a cikinsu ba, wasu suka gina ɗakunan ƙasa a gefe, wasu suka tashi. Wannan duka a zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur aka yi shi.

Ba ina cewa madatsar masifa ce irin ta Chernobyl ba. An yi ta ne da niyyar ba ƙasa lantarki, an sanar da mutane, ba a tashe su farat ɗaya ba, kuma tafkin ya ciyar da dubban masunta. Amma ga tsohuwar da aka haifa a kan gungu, aka yi mata aure a can, ta binne iyayenta a can, duniyar da ta sani ta ƙare a 1968. Pripyat tana da littattafai da fina-finai da wasannin kwamfuta, har masu yawon buɗe ido sun yi ta biyan kuɗi don su gan ta. Namu garuruwan fa? Nawa ne daga cikinku zai iya lissafa sunayen gungu goma da ruwa ya ci?

Kuma tarihin bai tsaya a nan ba. Kafin ruwa ya taso, masana binciken kayan tarihi sun yi gaggawar haƙa wasu wurare a kwarin Neja. A wani tudu kusa da Yelwa, A. J. Priddy ya tono kayan ƙarfe da tukwane da mutum-mutumin yumɓu da suka haura shekara 1,000 da nisa. Ganuwar Birnin Yauri tana nan tana zaizayewa, ta ga zamanin da gari ke cike da fatake masu bin hanyar Gwanja neman goro, ta ga rikicin sarauta na ƙarni na 19 da ya kai ga barin birnin, har aka kafa fada a Yelwa a 1888. Harsunan ƙasar ma suna janyewa, yaran Shangawa da yawa yau Hausa kaɗai suke ji, kuma kowane harshe da ya tafi yakan tafi da sunayen kifaye da tsirrai da mashigai da babu su a wani harshe.

Yanzu ku yi lissafi. Wanda yake da shekara 15 a 1968 yau ya haura 70. Su ne shaidu na ƙarshe. Kaset ɗin Super Mario akwai miliyoyinsa a duniya, amma abin da ke cikin kan kakarka kwafi ɗaya ne tak.

Abin da nake roƙonku

Na farko, ku buga gem ɗinku, amma ku zama ku ke riƙe da shi. Kada ya ci sallarku, kada ya ci karatunku, kada ya hana ku zuwa aiken iyaye. Ku guji duk wasan da ke cewa ku biya kuɗi a buɗe muku akwatin da ba ku san abin da ke ciki ba. Caca ce aka sauya mata riga, shi ya sa ƙasar Beljiyam ta haramta irinta tun 2018. In kana son ajiye faifan asali da kwalinsa don kana ƙaunar wasan, ajiye, babu laifi. Amma kada ka kira shi jari.

Na biyu, wayar da kuke buga gem da ita tana naɗar murya, tana ɗaukar hoto. Ku je wurin tsofaffinku da ladabi, ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izini kafin ku kunna komai. Kada ku ce "Kaka, ba ni tarihi", domin za ta ce ita ba ta san tarihi ba. Ku yi tambaya ƙarama mai kama hannu. Yaya sunan garin da aka haife ki? In an fito daga gidanku ana fuskantar gabas, gidan wa ake fara tararwa? Ran wace rana kasuwa ke ci? Wa ya kawo labarin za a tashi? Me kuka ɗauka, me kuka bari? Wane kifi ake kamawa a da wanda yanzu ba a ganinsa? In da Gunganci ko Kambarci ko Shanganci ko Dukkanci bakinta ya fi sakewa, ku bar ta ta yi da shi, fassara ta biyo baya. In ta yi shiru, ku yi shiru. In ta ce wannan ba na faɗa ba ne, ku kashe waya, amana ta fi labari.

Na uku, ku haɗa kowane abu da shaidarsa. A farkon kowace naɗa ku faɗi kwanan wata da wuri da sunan mai magana. In an nuna muku tsohon hoto, ko takardar diyya ta lokacin tashi, ko rasiɗin haraji, ko kwabo mai huji, ko mashin su na kakanku, ku ɗauki hotonsa gaba da baya, ku rubuta a littafi na wane ne da yadda ya zo gidan. Ku ba tsoho takarda da fensir, ko ku zana a ƙasa yana nuna muku, ku fitar da taswirar garin da ya nutse. Kada ku bar komai a waya ɗaya, waya na faɗawa ruwa, ana sace ta. Ku ajiye kwafi a katin ajiya, kwafi a intanet, kwafi a hannun wani ɗan'uwa.

Na huɗu, kada sha'awa ta kai ku ga ɓarna. A cikin gem kana shiga kango ka kwashe abin da ka ga dama, in ka mutu ka sake farawa. A tafkin Kainji ba a sake farawa. Kututturan itatuwan da ruwa ya rufe suna nan a ƙasa suna fasa jirage, kuma ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu 2021 da rayukan da aka rasa ba. Kada wanda ya yi nutso neman kayan da. Kada ku haƙa tudu ko ganuwa ko tsohuwar makabarta. Tukunyar da aka fizge daga inda take kwance ta rabu da labarinta har abada, domin masana daga zurfin ƙasar da abin da ke kewaye da ita suke gane shekarunta. Dokar ƙasa ta 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta hana cinikin irin waɗannan kaya ba da izini ba. Haka aka wawashe mutum-mutumin Nok da na yankin Sakkwato da Katsina, aka ba masu haƙa abin da bai kai ya kawo ba, kayan suka ƙare a ɗakunan attajiran Turai. In ruwa ya janye ya tona wani abu, ko garma ta turo shi a gona, ku ɗauki hoto, ku sanar da mai gari, magana ta kai fada. Haka kuma littattafan kakanninku na ajami da na Larabci, kada ku sayar wa mai yawo da jaka. In ana neman inda za a adana kwafinsu, ga Gidan Arewa a Kaduna, ga Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Na biyar, ga masu kaifin hannu a kwamfuta. Wa ya ce sai dai ku buga na wasu? A 2014 mutanen Inupiat na Alaska, waɗanda ba su kai ku yawa ba, suka haɗa dattawansu da masu shirya wasa suka fitar da Never Alone, da harshensu da tatsuniyarsu, duniya ta saya. A 2016 matasan Kamaru na Kiro'o Games suka fitar da Aurion. Manhajar shirya wasa irin Godot kyauta ce, darussanta suna intanet. Mutanen Ostareliya sai da suka ƙirƙiro birnin da ya nutse daga kansu. Ku naku yana da suna, yana da taswira a kan dattawa, yana da jirage da masu tuƙa su waɗanda kuke gani duk ranar bikin Rigata. Amma wasa irin wannan ba ya yiwuwa sai an fara tara labarin, shi ya sa na sa shi a ƙarshe.

Kada ku raina kanku ku ce wannan aikin manya ne. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu ɗan Ngaski ne. Da tarihin Yauri ya fara bincikensa a Jami'ar Ahmadu Bello, yana bin dattawa yana tambaya, daga nan ya rubuta littafinsa na 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, wanda har yau ake karantawa a jami'o'in duniya, ya kuma shugabanci Jami'ar Sakkwato. Shi da alƙalami da takarda ya yi, yana tafiya gari-gari. Ku kuna da abin naɗar murya da kyamara a aljihu, kuma dattawan a cikin gidajenku suke.

Ba na yi muku alƙawarin dala ba. Wataƙila babu wanda zai taya muryar kakarku ko sisi. Amma nan da shekara 30, in ɗanka ya tambaye ka daga ina muka fito, kai ne za ka iya kunna masa amsar da muryar wadda ta gani da idonta. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wannan Juma'ar, in an sauko daga masallaci, ka cika wayarka da caji, ka sayi goro ko ɗan abin da tsohon gidanku yake so, ka je ka zauna a gabansa, ka fara da tambayar sunan garin da aka haife shi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ku kuma Ya yi muku albarka.